Tambaya: ta yaya ake karanta shari'o'in tsarin mulki har su zauna a kai?

Ɗalibar Lauya ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina aji biyu a karatun lauya, kuma darasin tsarin mulki yana neman ya gagare ni. Ba sassan kundin ne matsalata ba, sashe na 1 zuwa na 6 duk suna kaina, Babi na Huɗu na haƙƙin ɗan Adam ma zan iya kawo shi ba tare da na duba ba. Shari'o'in ne suka sha mini kai. Malaminmu ya ba mu jerin sunayensu shafi guda cur, tun daga Marbury da Madison ta 1803 har zuwa hukuncin kuɗin ƙananan hukumomi na 2024, ya kuma ce a jarrabawa kada wanda ya sa ran zai ce "kawo sashe kaza". Labari zai ƙirƙiro, gwamna ya yi kaza, majalisa ta yi kaza, sai ya ce ka ba da shawara a matsayinka na lauya.

Na ɗauko Inakoju da Adeleke don in gwada. Na karanta har idona ya yi ja. Alƙali yana jawo shari'a bayan shari'a, can ya juya yana yi wa 'yan majalisa faɗa, can ya dawo kan ƙa'idar shigar da ƙara, na rufe ban san wace jimla ce zan riƙe ba. 'Yan ajinmu sun ce in daina wahalar da kaina, in nemi handawut mai layi uku-uku a kan kowace shari'a in haddace.

Ga kuma abin da ya fi ɗaure mini kai. Sashe na 188(10) ya faɗa ƙarara cewa babu kotun da za ta saurari ƙara a kan abin da majalisa ko kwamitin bincike suka yi wajen tsige gwamna. Amma a wannan shari'ar Kotun Ƙoli ta mayar da gwamnan Oyo da aka tsige, Ladoja, kan kujerarsa. To idan kundi ya ce a'a, kotu ta ce i, wanne zan rubuta? Don Allah waɗanda suka wuce wannan matakin ku taimaka.

Baban Ummi ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Na jima ina wannan aikin, kuma shawarar da nake ba yaran da ke zuwa koyon aiki wurina ita zan ba ki: kada ki karanta shari'ar tsarin mulki ita kaɗai. Ki nemo wata da aka yi a kan sashe ɗaya da ita amma sakamakon ya bambanta, ki ajiye su gefe da gefe, ki nemi abin da ya raba su. Wannan abin shi malaminki zai ɓoye a cikin labarin da zai ƙirƙiro.

Mu ɗauki wadda kika fara. Abokiyar tafiyarta ita ce Balarabe Musa da Auta Hamza. A watan Yunin 1981 majalisar dokokin tsohuwar jihar Kaduna, wadda 'yan NPN suka cika, ta tsige gwamnan PRP, Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa. Da magana ta je Kotun Ɗaukaka Ƙara, sai ta duba sashe na 170(10) na kundin 1979 ta ce hannunta a ɗaure yake, wannan harka ce ta majalisa. Wancan ƙaramin sashen shi ne aka ɗauko ya zama 188(10) a kundin 1999. Shekara da shekaru lauyoyi suna ɗaukar cewa an rufe babin.

Yanzu ki buɗe sashe na 188, amma kada ki yi tsalle zuwa na 10, ki faro daga sama. Takardar zargi sai kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa sun sa mata hannu, a miƙa wa kakaki. Cikin kwana 7 kakaki ya ba gwamna da kowane ɗan majalisa kwafi. Cikin kwana 14 majalisa ta kaɗa ƙuri'a ko a yi bincike ko kada a yi, kuma sai kashi biyu cikin uku na dukkan mambobi sun yarda. Sannan babban jojin jiha ya naɗa kwamitin mutum bakwai (a kundin 1979 kakaki ne ke naɗawa, ki lura da wannan canjin), kwamitin ya kawo rahoto cikin wata uku, a sake neman kashi biyu cikin uku kafin gwamna ya sauka. Tsani ne mai matakai, na 10 kuma yana can ƙarshensa.

Me ya faru a Oyo? Majalisa mai mutum 32. Mutum 18 suka taru a wani otal a Ibadan, babu kakaki, suka ce su ne majalisa, suka bi ta kan matakan nan har aka sauke Rashidi Ladoja a Janairun 2006. Ki yi lissafi da kanki, kashi biyu cikin uku na 32 ya haura 21, su kuma 18 ne. Kakakin ne ma, Adeleke, ya kai ƙara. Babbar kotun jiha ta kalli 188(10) ta ce ba ta da hurumi, kamar dai yadda aka yi wa Balarabe. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ba haka ba ne, Kotun Ƙoli ta tabbatar a Disambar 2006. Abin da Mai Shari'a Niki Tobi ya tsaya a kai shi ne, ƙaramin sashe na 10 yana kare abin da aka yi bisa ƙananan sassa na 1 zuwa 9 ne kawai. Wanda bai hau matakan ba, ba zai fake da na ƙarshe ba. Wannan ita ce jimlar da kike nema, sauran faɗan da ya yi wa 'yan majalisa ki karanta don nishaɗi.

Saboda haka kundi bai ce a'a kotu ta ce i ba. Kotu ba ta tambayi ko Ladoja ya aikata babban laifi ba, domin 188(11) ya bar wannan ga ra'ayin majalisa. Abin da ta tambaya shi ne, wannan taron majalisa ne kuwa, kuma adadinsu ya kai? Idan labarin jarrabawa ya ce an bi kowane mataki amma zargin na banza ne, amsarki kotu ba za ta shiga ba. Idan ya ce ba a ba gwamna takardar zargi ba, ko an ƙirga kashi biyu cikin uku na waɗanda suka halarta kawai, kotu za ta shiga.

Zan ƙara miki wani abu da ba za ki gani a rubuce cikin hukuncin ba, ra'ayina ne. Tsakanin ƙarshen 2005 da ƙarshen 2006 an tsige gwamnonin Bayelsa, Oyo, Ekiti, Anambra da Filato. Alƙalai mutane ne, suna ganin abin da ke faruwa a ƙasa. Ni ina ganin wannan ya taimaka wajen sa su sake duban sashen da idon da ba su dube shi da shi ba a shari'ar Balarabe a 1982. Shi ya sa nake cewa yara su riƙa rubuta shekarar kowace shari'a da wanda ke mulki a lokacin.

Ga wasu biyun ki gwada da kanki, a kan sashe na 180(2), wa'adin gwamna shekara huɗu daga ranar rantsuwa. Peter Obi ya tsaya zaɓen Anambra a 2003, aka rantsar da Chris Ngige, shi bai karɓi kujerar ba sai 17 ga Maris 2006 bayan kotu ta ba shi gaskiya. INEC ta shirya zaɓe a 2007 har aka rantsar da Andy Uba, amma a Yunin 2007 Kotun Ƙoli ta ce wa'adin Obi daga ranar rantsuwarsa yake farawa, sai Maris 2010 zai ƙare. Ganin haka, gwamnoni biyar, na Adamawa, Sakkwato, Kogi, Bayelsa da Kuros Riba, waɗanda aka soke zaɓensu na 2007 suka sake cin zaɓe a 2008 suka sake rantsuwa, sai suka ce mu ma daga rantsuwa ta biyu za a ƙirga mana. Kotuna biyu da ke ƙasa da Kotun Ƙoli suka yarda da su. A Marwa da Nyako (Nyako shi ne na Adamawa), 27 ga Janairu 2012, Kotun Ƙoli ta ce a'a, daga 29 ga Mayu 2007 ne, suka sauka a ranar. Sashe ɗaya, hujja kamar ɗaya. Ba zan faɗa miki abin da ya raba su ba, ki tambayi kanki sau nawa Obi ya yi rantsuwa, kuma wa ke zaune a gidan gwamnati kafin rantsuwar da ake magana a kai.

Handawut kuwa ba haramun ba ne, amma ki rubuta naki. Na wani zai gaya miki wa ya ci shari'a, ba zai gaya miki da wane abu ya canza da ya faɗi ba.

Lauyan Gefe ya amsa:

Ranka ya daɗe Baban Ummi, ban ƙi taka ba, amma akwai ramin da nake ganin ɗalibai suna faɗawa ko da sun bi hanyar nan. Ƙanwata, kafin ki ɗora amsa a kan kowace shari'a, ki bincika ko tana da rai.

Misali Amaechi da INEC. Rotimi Amaechi ya ci zaɓen fid da gwani na PDP a Ribas, jam'iyya ta musanya sunansa da na Celestine Omehia, Omehia ya ci zaɓe aka rantsar da shi. A Oktobar 2007 Kotun Ƙoli ta ce musanyar ba ta halatta ba, kuma tunda jam'iyya ake zaɓa, Amaechi ne gwamna, mutumin da bai yi yaƙin neman zaɓen ba. Ɗalibai na son wannan shari'ar don labarinta na da daɗi. To amma dokar zaɓe ta 2010 ta zo da sashe na 141, daga baya kuma aka sa 285(13) cikin kundin kansa, cewa kotu ba za ta ayyana wanda bai shiga dukkan matakan zaɓe ba a matsayin wanda ya ci. Wanda ya kawo Amaechi yau bai ambaci wannan ba, ya ba da amsar 2007. Ko maganar wa'adin da Baban Ummi ya kawo, gyaran 2010 ya ƙara 180(2A) a kanta. Kundin 1999 an taɓa shi a 2010 da 2011, an sake a 2017 da 2018, an kuma sake a 2023 inda aka ba jihohi damar yin doka kan lantarki da jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali. Ki duba kwafin da ke hannunki na wace shekara ne.

Wani lokacin ma ba a jira shekaru. A Lakanmi, Afrilun 1970, Kotun Ƙoli ta ce karɓar mulkin da soja suka yi a Janairun 1966 ba juyin juya hali ba ne, miƙa mulki ne na wucin gadi, don haka soja ba su fi ƙarfin kundin 1963 ba, kuma dikiri (dokar soja) mai lamba 45 na 1968 da ya ƙwace dukiyar wasu mutane da sunayensu, shiga aikin kotu ne. Cikin 'yan makonni gwamnatin Gowon ta fitar da dikiri na 28 na 1970 ta shafe hukuncin. Har yau ana koyar da Lakanmi, kuma ya kamata, amma a matsayin darasin raba iko da iyakar ƙarfin kotu.

Na biyu, ki riƙa karanta alƙalin da ya saɓa wa sauran. A Awolowo da Shagari ta 1979, doka ta ce sai ɗan takara ya sami kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, jihohi kuma 19 ne. Shagari ya samu a 12, a Kano ya tsaya kan kashi 19.94 cikin ɗari. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce kashi biyu cikin uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, don haka a Kano ana neman rubu'in kashi biyu cikin uku na ƙuri'un ne kawai, wato ɗaya cikin shida, Shagari kuwa ya wuce haka. Rinjayen alƙalan Kotun Ƙoli suka karɓa. Mai Shari'a Kayode Eso, wanda ya saɓa musu, ya ce jiha ba ta rabuwa gida uku, 13 ake nema. Ko da wa kika goya wa baya, hujjar Eso za ta koya miki yadda ake kai wa hukunci hari fiye da kowane littafi.

Marbury kuma kada ki ɓata mata dare. Babban jojin Amurka John Marshall sai da ya gina hujja kafin ya nuna kotu na iya soke dokar majalisa, don kundin Amurka bai faɗa a fili ba. Namu ya faɗa a sashe na 1(3) da 4(8). Ki san labarin, ki wuce.

Inda nake da ja da masu cewa kotu kullum kundi take fassarawa shi ne hukuncin 11 ga Yuli 2024. Sashe na 162(6) ya ce kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa a zuba kuɗin ƙananan hukumomi a ciki. Kotu ta ce a biya su kai tsaye. Wannan fassara ce ko gyaran kundi?

Ɗalibar Lauya ta sake rubutawa:

Na gode Baba, na gode Yaya, Allah ya saka da alheri. Na gano ta Obi da Nyako: rantsuwar Obi ta 2006 ita ce ta farko, kafin nan wani ne a kujerar, su kuwa biyar ɗin suna kan mulki tun 2007, da an biye musu da sun haura shekara huɗu da sunan wa'adi ɗaya.

Sai dai hanyar ta tsaya mini a Adesanya da Shugaban Ƙasa. Alƙalan duk sun yarda ba shi da ikon kawo ƙarar, amma kowa da dalilinsa, har wani yana magana kamar zai ba shi gaskiya sai kuma ya kore shi. A irin wannan, maganar wa ake riƙewa? Sannan gaskiya lokaci ba zai isa in karanta duk jerin nan daga farko zuwa ƙarshe ba.

Aunty Mai Gilashi ta amsa:

Ƙanwata, babu wanda ya taɓa karanta su duka, har malamin naku. Ni bara na gama, ga yadda na yi. A kowane babi na zaɓi shari'a ɗaya ko biyu na karanta cikakku, sauran kuma babban hukuncin kawai, shi ma daga inda alƙali ya jera batutuwan da za a warware. Duk abin da ke gaban wannan wurin yawanci tarihin yadda ƙarar ta taso ne da maimaita abin da lauyoyi suka ce. Taƙaitawar da ke saman rahoto ba alƙali ya rubuta ta ba, masu buga littafin ne, kuma sukan jera maganar gefe tare da ainihin hujja kamar nauyinsu ɗaya, don haka ki bi lambar shafin ki ga maganar a mazauninta.

Abin da ya fi taimaka mana shi ne mu huɗu muke zama, ɗaya ya canza abu ɗaya a labarin shari'a, sauran su faɗi ko hukunci zai canza. Ga irinta: majalisa mai mutum 24, an ce kujerun 14 sun zama babu kowa don sun sauya jam'iyya, 8 cikin 10 da suka rage suka tsige gwamna. Ya sauka ko bai sauka ba? Ki rubuta amsarki tukuna, sannan ki buɗe Dapianlong da Dariye ta 2007 ki ga yadda kotu ta ƙirga "dukkan mambobi".

Baban Ummi ya sake amsawa:

Madalla, kin gano ta Nyako daidai.

Adesanya ta wahalar da manyan lauyoyi ma, ba ke kaɗai ba. Sanata Abraham Adesanya ya ƙi amincewa da naɗin Mai Shari'a Ovie-Whiskey shugaban FEDECO, hukumar zaɓe ta lokacin, aka kayar da shi a zauren majalisar dattawa, ya garzaya kotu. A hukuncin 1981, babban joji Fatai-Williams ya yi doguwar magana cewa bai kamata a rufe wa ɗan ƙasa ƙofa ba idan ana taka kundi, amma ya ce sanatan da ya sha kaye a ƙuri'a ba zai zo kotu neman zagaye na biyu ba. Mai Shari'a Mohammed Bello kuma ya ɗaure maganar da sashe na 6(6)(b), cewa sai an taɓa haƙƙinka ko wajibinka kai kanka. Idan dalilai suka watse haka, abin da ya ɗaure kotunan ƙasa shi ne ɗan abin da mafi yawan alƙalan suka haɗu a kai, sannan ki bi sawu ki ga wanne aka ɗauka daga baya. Shekaru da yawa maganar Bello aka riƙa bi, aka kori ƙararraki masu yawa da ita. Sai Fawehinmi da Akilu ta 1987, kan kisan ɗan jarida Dele Giwa, ta sassauta a ɓangaren laifuka. Ƙa'idojin ƙarar haƙƙin ɗan Adam na 2009 suka hana korar ƙarar haƙƙin ɗan Adam da dalilin cewa mai ƙara ba shi da ikon kawo ta. A 2018 kuma Kotun Ƙoli ta bar wata ƙungiya mai zaman kanta ta yi ƙarar NNPC kan malalar mai. Wannan ba biyu za ki jera ba, layi ne, kuma a jarrabawa ki nuna inda ya faro da inda ya tsaya yau.

Malam Lauyan Gefe, kan hukuncin 2024 ina tare da kai rabi. Mai Shari'a Emmanuel Agim bai ce 162(6) babu shi ba. Hujjarsa ita ce jihohi 'yan aike ne, kuɗin na ƙananan hukumomi 774 ne, sashe na 7 kuma ya lamunce musu zaɓaɓɓun shugabanni, to idan ɗan aike ya mayar da hanyar isar da saƙo hanyar riƙe shi, ba za a karanta sashen yadda zai kashe manufarsa ba. Wannan salon ba sabo ba ne, tun Nafiu Rabiu da Jihar Kano ta 1980 Mai Shari'a Udo Udoma ya ce kundi a faɗaɗe ake fassara shi. Inda nake jin nauyin maganarka shi ne kalmomin 162(6) ba su da harshen damo, kuma gyara su aikin sashe na 9 ne, da majalisar tarayya da kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi. 'Yata, idan wannan ta fito, ki fara da cewa hukuncin ya ɗaure kowa bisa sashe na 235 da 287, ki kawo hujjar Agim, sannan ki kawo sukar Lauyan Gefe, ki faɗi wadda ta fi gamsar da ke da dalilinki. Ki kuma haɗa ta da Legas da Gwamnatin Tarayya ta 2004, inda kotu ta ce Obasanjo ba shi da ikon riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas, ki duba a hannun wa kotu ta ce kuɗin zai bi a wancan lokacin.